A Buɗe Mana Ƙofar Soro

Kwanan baya ɗan ƙanena, wani yaro mai wayo da ke karatu a makarantar sakandare, ya zo gaishe ni da maraice, ya miƙo mini waya ya ce, "Baba, dubi gidan Sarkin Ingila." Na duba, na ga gini ƙato da sojoji masu jajayen riguna. Ya yi ta ba ni labarinsa, har da yawan ɗakunan da ke ciki. Da ya gama sai na ce masa, "To, madalla. Kai kuwa mene ne Gajere?" Ya yi shiru, can ya ce ko wani bafade ne marar tsawo. Na yi dariya a gabansa, amma da ya tafi abin ya hana ni barci. Yaron nan a ƙasar Batsari aka haife shi. Ya shiga birnin Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka ya fi a ƙirga. Ya san gidan sarkin wata ƙasa da ke bayan teku, bai san takobin da a ke naɗa sarkinsa da shi ba. Na auna na ga laifin ba nasa ba ne, gama Turawa sun buɗe nasu sun nuna wa duniya, mu kuwa mun rufe namu har 'ya'yanmu sun jahilce shi.

Abin da na ke nema a cikin wannan rubutu guda ne, kuma zan faɗe shi tun da fari don kada wani ya ce na yi noƙe-noƙe. Ina roƙo a keɓe wani sashe na Gidan Korau, watau fadar Katsina, a sa masa ranaku sanannu da mai bayani, yadda ko wane talaka, ko daga Wagini ya fito ko daga Runka, zai iya kama hannun ɗansa ya kai shi ya ga tarihin ƙasarsa, ba sai ya san wani a fada ba, ba kuma sai ya raka wani babban baƙo ba. Ina so abin ya zama ƙa'ida, ya daina zama alfarma. Haka kuma ina roƙo a yi irin wannan, gwargwadon hali, a gidan ko wane hakimi.

Kada mai karatu ya ɗauke ni maƙiyin sarauta. Ni malamin ofis ne, a inuwar sarauta na ke cin abinci, a nan kuma ubana ya ci nasa. Na yi allo, na yi firamare, daga nan na kama alƙalami, ban wuce haka ba. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma bara na gari shi ne wanda in ya ga rigar ubangidansa ta kama wuta zai yi magana, ko da a tsakiyar fadanci ne.

Bari mu fara duba abin da mu ke da shi. Gidan nan sunan Muhammadu Korau ya ke ɗauke da shi, sarkin da a ke ƙirga shi Musulmi na farko a gadon Katsina. Masu ba da labari na baka suna kai zamaninsa 1348, malaman tarihi kuwa da yawa suna sa shi cikin ƙarni na 15. Ko wanne ka ɗauka, gidan ya girmi fadar Barsai ta Faransa, ya girmi Bakingham ta Ingila. A nan sarakunan Haɓe suka zauna har 1807, sa'ad da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi gari da tutar Shehu. Zuriyarsa ce ke kan gado da Turawa suka shigo a 1903. A 1906 aka naɗa Muhammadu Dikko, ya yi sarauta har 1944, sai Usman Nagogo har 1981, sai Muhammadu Kabir har 2008, sai Sarki Abdulmumini, Allah ya ja zamaninsa. Gida guda ya ga Haɓe, ya ga Dallazawa, ya ga Sulluɓawa, ya ga Razdan, ya ga soja, yana nan tsaye. A wannan fada a ke ajiye da Gajere, takobin Korau, da Bebe, takobin da aka ƙwato daga hannun Gobirawa a fagen fama, da Gwauron Tambari, da tukunyar ƙarfe ta Korau. Wane littafi ne zai koya wa yaro abin da kallo ɗaya na waɗannan zai koya masa? Gani ya kori ji.

Na sha faɗin wannan magana a zaure da bakin kasuwa, na kuma ji amsoshin da a ke ba ni. Huɗu ne, zan bi su ɗaya-ɗaya.

Ta farko, wai kwarjinin sarauta zai zube. Sun ce gidan sarki ba kasuwa ba ne, in kowa ya saba da shi sai raini ya shigo. Masu faɗin haka ina so su saurari labarin Barsai. Asalinta 'yar bukkar farauta ce da Sarki Luwi na 13 ya gina a 1623, kamar mil 12 daga birnin Faris. Ɗansa, Luwi na 14, shi ya mai da ita abin da ta zama, ya kwashe fadawansa da ma'aikatansa ya koma can a 1682. Ba a yi sarkin da ya fi shi son girma ba a ƙasar Turai. Amma duk da haka a zamaninsa ƙofar a buɗe ta ke. Duk namijin da ya yi shiga ta mutunci, ya sa malafa ya rataya takobi, yana iya shiga ya yi kallo, wanda ba shi da takobi kuwa akwai masu ba da haya a bakin ƙofa. Mutane kan tsaya su kalli sarkin yana wucewa zuwa wurin ibadarsa. Ya gane kwarjinin da ba a gani ba ya aiki. Ya yi shekara 72 a kan gado, 'yan kallo ba su rage shi da komai ba.

To, me ya rushe gidan? A watan Oktoba na 1789 matan Faris suka tako da ƙafa cikin ruwan sama har Barsai, suna neman abinci, gama burodi ya gagari talaka, haraji kuwa ya yi masa nauyi. Kashegari aka tasa Sarki Luwi na 16 da iyalinsa a gaba aka kai su birni, ba su sake kwana a gidan ba. A 1793 aka fille kansa, aka shiga gwanjon gadajensa da kujerunsa, aka yi kusan shekara guda ana sayarwa. Ashe abin da ke zubar da sarauta shi ne nisa da talaka a ranar da ya ke cikin wuya. Gidan ya zauna kamar kufai, har wani sarki, Luwi Filib, ya mai da shi gidan tarihin ƙasa ya buɗe shi a 1837. A cikin zaurensa na madubai aka sa hannu a takardar sulhun Yaƙin Duniya na Farko a 1919. A shekarar 2019 kaɗai mutum kamar miliyan 8 suka shiga kallo. Sarautar ta tafi, gidan ya tsira don an ba jama'a shi.

Wani zai ce, ai wannan gidan da ba sarki ne a ciki, namu kuwa da mai shi. Gaskiya ne. To, mu ƙetara Ingila, inda sarauta ke da rai. Tun 1838 Sarauniya Biktoriya ta buɗe fadar Hamton Kot ga kowa, kyauta. A ran 20 ga Nuwamba 1992 gobara ta tashi a fadar Winsa, ta lalata ɗakuna fiye da 100. Talakawa suka yi gunaguni, suka ce ba da harajinsu za a gyara ba. Sarauniya Elizabet ba ta yi fushi ba, sai ta yarda a buɗe Bakingham, gidan da ta ke zaune a ciki, a lokacin bazararsu sa'ad da ta kan tafi hutu. A 1993 aka fara, ko wane mutum fam 8. Kuɗin nan shi ya ɗauki mafi yawan nauyin aikin, wanda ya ci kusan fam miliyan 37, aka gama a 1997. Ɗakunan gidan 775 ne, waɗanda a ke nuna wa mutane kaɗan ne kurum, na karɓar baƙi. Sarauniyar ta ƙara shekara 29 bayan buɗewar, ta rasu a 2022 da girmanta, mutane suka kwana a kan layi don su yi mata ban kwana. Ina rainin ya ke? Sarki Dikko da kansa, a tafiyarsa ta 1921 wadda ya haɗa Ingila da aikin Hajji, ya gana da Sarki Joji na 5, ya ga yadda su ke yi. Mutumin da ya fita ya buɗe ido a lokacin da sarakuna ke tsoron ƙetare ruwa, ba na tsammanin zai ji tsoron 'yan makarantar Safana.

Amsa ta biyu, wai wannan al'adar Nasara ce, wasu ma har su ƙara da cewa adana kayan mutanen dā ƙofa ce ta tsafi. Ni almajiri ne, ba na jayayya da malamai. Amma abin da aka karantar da ni shi ne, a wurare da dama Alƙur'ani mai girma ya hore mu da yin tafiya a bayan ƙasa don mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Wanda ya tsaya gaban takobin Korau ya tuna mai shi ya zama ƙasa tun shekaru ɗaruruwa, wa'azi ya ji. A Istambul, fadar Tofkafi ta sarakunan Usmaniyya ta zama gidan tarihi tun 1924, kuma a ɗakin da a ke ajiye da kayan da a ke dangantawa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, alarammomi ke karatu dare da rana, mutane na wucewa suna kallo cikin ladabi. A ƙasar Andalus, fadar Alhamra ta fita hannun Musulmi tun 1492, amma yau ita ce babbar shaidar da ta rage cewa Musulmi sun yi mulki da ilmi a can. Da an rushe ta, da wa zai yarda?

Ba sai mun je nesa ba ma. A Argungu tsohuwar fadar Sarkin Kabi ita ce mazaunin sarki har 1942, da aka gina sabuwa. Ba su bar tsohuwar ta zube ba, a 1958 suka mai da ita gidan tarihi da sunan Kanta, suka jera masu da kwari da sulke da kayan su. A zamanin En'e aka yi wannan, da yardar sarki, tun Nijeriya ba ta sami mulkin kai ba. A Kano ga Gidan Makama nan, kusa da Gidan Rumfa, 'yan makaranta na shiga kullum. A Daura mutane na zuwa rijiyar Kusugu su sha ruwa su ji labari. A Kumasi, inda 'yan'uwanmu fataken goro suka san hanya tun kaka da kakanni, fadar da aka gina wa Sarkin Tonawa Firempe a 1925, bayan ya komo daga inda Turawa suka kai shi zaman dole, ta zama gidan tarihi a 1995, sarkinsu kuwa yana zaune a sabon gida a harabar guda. Wanda ya taɓa ganin yadda Tonawa ke girmama sarkinsu ba zai ce buɗe gida ya jawo raini ba.

Amsa ta uku ita ce ta iyali da tsaron kaya. Sun ce gidan sarki gidan aure ne, da mata da yara, kuma abin da aka baje a fili shi ɓarawo ke gani. Rabin farko na yarda da shi ɗungum. Ba wanda ya ce a shiga cikin gida. Ko gidan talaka baƙo a zaure ya ke tsayawa, balle na sarki. Magabatanmu sun riga sun raba mana wannan gardama da irin ginin da suka yi, ƙofa bayan ƙofa, soro bayan soro, ko wanne da iyakar wanda zai wuce shi. A ja layi inda al'ada ta ja shi. Game da kayan sarauta masu alfarma kuwa, in an ga ba su fituwa kullum, a fito da su rana ɗaya ko biyu a shekara cikin tsaro, sauran kwanaki a nuna hotonsu da bayani. Rabi na biyu shi ne ban yarda da shi ba. Ni ma'ajin takardu ne, na san abin da ke ɓacewa. Abin da aka rubuta a littafi, aka sa masa lamba, aka ɗauki hotonsa, mutum dubu suka gan shi, shi ne mai wuyar sata, gama ba shi sayuwa. Wanda ke lulluɓe a ƙuryar ɗaki, mutum biyu kaɗai suka san da shi, ranar da ya bi dillali ba mai cigiya. Muna ta murna Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayan fadar Abome guda 26 a 2021, Jamus kuma ta fara mayar da kayan tagulla na Birnin Bini a 2022. Madalla. Amma wanda ke kukan abin da aka ƙwace masa da bindiga, ya kamata ya fara ƙirga abin da ya rage a ɗakinsa.

Amsa ta huɗu ita ce mai nauyi, ita ce kuma mutanenmu na yamma su ke ba ni, ba kuwa zan raina ta ba. Sun ce, "Malam, ana ta kai wa ke ta kaya? Mu da ba mu kwana da ido biyu rufe ba, kai kana zancen kallon soro?" Na sani. Ni ma a nan na ke. Shekaru da dama 'yan bindiga suna fitowa daga dajin Rugu suna kashe mu, suna kore shanu, suna ɗaukar mutane sai an fanshe su. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin dare guda. Gonaki sun zama saura, ƙauyuka sun watse, mata da yara sun cika makarantun Batsari suna kwana a azuzuwa. A 2025 an yi zaman sulhu a Batsari da Safana da maƙwabtansu, Allah ya sa ya ɗore. Ba na cewa gidan tarihi zai tsare kowa daga harsashi, kuma in aka ce mini kuɗin guda ne, ko tsaro ko tarihi, zan ce a yi tsaro.

Amma ku tuna da wani abu. A watan Mayu na 2019, da aka kashe manoma 18 a 'Yargamji, ina 'yan'uwansu suka nufa da gawawwakin? Birni suka kai su, har ƙofar fadar Katsina. Ba wanda ya rubuta musu takardar gayyata. Zuciyarsu ce ta gaya musu gidan nan na ubansu ne, a nan ya kamata a ga hawayensu. Fada kuma ba ta kore su ba, a shekarar nan ma aka fasa hawan Salla don juyayi. To, jama'a, mutumin da ya san hanyar gidan nan da gawa a kafaɗa, ashe bai cancanci ya san ta da ɗansa rayayye a hannu ba? In gidan nasa ne ranar kuka, nasa ne ranar koyo.

Har wa yau, wannan fitina ita ce ma babban dalilin gaggawa. Ƙasar nan tamu ta gefen Rugu bakin daga ce tun dā. Bayan 1807 Haɓen da suka fita suka kafa Maraɗi, aka yi shekaru kusan ɗari ana kai hari ana ramawa, mu ne kuwa a kan hanya. Tsofaffinmu sun ji daga kakanninsu labarin Ɗanbaskore Sarkin Maraɗi, da Kaura Hasau, da Ɗanwaire wanda sunansa ba ya rabuwa da Ruma. Sun san inda ganuwa ta bi, da inda aka yi kafi, da dutsen da mata kan ɓuya, da rijiyar da ba ta ƙafewa. Sun san kuma yadda bayan yaƙi ya ƙare aka koma aka sare daji aka zauna, Bahaushe da Bafillace, wannan ya ba da kara wancan ya ba da taki, har aka yi auratayya. Sarautar Sarkin Ruma da ke Batsari da ta Yariman Katsina da ke Safana duk suna da tarihin da ya isa a cika littafi. Yaron da ya tashi yau bai ga komai ba sai gudu, yana tsammanin haka duniya ta ke tun fil azal, haka kuma za ta ƙare. In ya ji kakanninsa sun ga irin wannan sun fita, zai sami abin riƙewa. Ɗan makiyayi kuma in ya ga sandar kakansa da ƙwaryar kakarsa an ajiye su da daraja a gidan hakimi, kusa da garmar manomi, zai san shi ma ɗan gida ne. Amma masu wannan sani tsofaffi ne, gudun hijira kuwa ba ya barin tsoho. Ko wane wata muna binne wasu a garin da ba nasu ba, da abin da ke cikin kansu. In muka ce sai ƙura ta lafa, za mu tarar ba wanda za a tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu bari in juya ga waɗanda ke tsammanin suna tare da ni, alhali sun fi masu gardama yi mini ɓarna. Kashi na farko su ne masu zancen "yawon buɗe ido" a ko wane taro, waɗanda in sun buɗe baki ba abin da ke fita sai dala da Turawa da otal. Su a wurinsu tarihi haja ce ta sayar wa baƙo. Ina gaya musu, Bature ba zai zo Batsari bana ba, watakila baɗi ma ba zai zo ba. In don shi za a yi, to, ba za a yi ba ke nan. Baƙon farko da na ke so a yi wa shimfiɗa shi ne jikan wanda ya ɗauko ƙasa a ka, ya kwaɓa, ya mulmula tubali, ya saro azara daga daji aka yi rufin. Da gumin talaka da harajinsa aka gina ko wace fada a duniya. In na gida ya cika wurin, na waje zai biyo baya da kansa.

Kashi na biyu su ne masu siminti. Waɗannan ba su ga ginin ƙasa ba sai hannunsu ya yi ƙaiƙayi. A wata gunduma, ba zan faɗi sunanta ba, na ga an rushe zauren da ya haura shekara ɗari, mai ɗaurin guga da zankwaye, wanda in ka shiga da tsakar rana a watan bazara sai ka ji kamar an zuba maka ruwa. Cikin kwana biyu aka baje shi, aka ɗora bulo da kwano, aka shafa fenti, aka kira maroƙa. Yau mai gidan a waje ya ke fadanci ƙarƙashin bishiya, zafi ya kore shi daga sabon ɗakinsa. Ku dubi ganuwar Katsina, wadda Bature matafiyi Barth ya gani ya yi mamakin faɗinta a 1851, ku gaya mini nawa ta rage. Hasumiyar Gobarau da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, sun tsira ne don an sa su cikin doka a 1959. Abin da doka ba ta rufe ba, sai ikon Allah. Ginin ƙasa ba ya bukatar komai sai yaɓe da makuba da gyaran indararo kafin damina. Amma in ba a ba magina aiki ba, 'ya'yansu za su koma acaba, ranar da a ke nemansu kuwa ba za a same su ba.

Laifi na uku namu ne, mu masu alƙalami. A wani ofis da na taɓa aiki, na buɗe wani ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba, na tarar da littattafan haraji da na jangali na zamanin En'e, da na shari'a cikin ajami, jibge a ƙasa. Na ɗaga na sama, sai ya zube a hannuna kamar garin tuwo. Gara ta gama da su. A cikinsu akwai sunan ko wane mai gida na ko wane ƙauye, da iyakar gonaki, da burtali, da mashaya. Rigimar da a ke zubar da jini a kanta yau, wata da an buɗe shafi guda an kashe ta. Shekara biyu na yi ina wuce ƙofar ɗakin nan ban tambayi mabuɗinsa ba. Ban cire kaina ba.

Ga abin da na ke roƙo, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Majalisar Sarki ta zaɓi sorayen waje da za a iya nunawa, ta sa rana biyu a mako. A zaɓi dattawa biyu ko uku daga cikin dogarai da fadawa waɗanda suka san gidan, a haɗa su da malamin tarihi guda, a ba su albashi. Ɗan makaranta da almajiri su shiga kyauta, ɗan ƙasa ya biya abin da bai fi kuɗin kwanon abinci ba, baƙo daga waje ya biya fiye. Ko wane kwabo a ba da rasit, a shigar da shi littafi, a kashe shi kan yaɓe da magina, a kuma manna lissafin a bango ƙarshen shekara don kowa ya gani. A haɗa ziyarar da Gobarau da gidan tarihi na tsohuwar Kwaleji, yadda yaro zai ga sarauta da addini da boko a yini guda. Ko wace ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin mota ta kai 'yan aji shida birni sau ɗaya kafin su fita firamare. A gundumomi kuwa, ko wane hakimi ya ba da ɗaki guda, a tara abin da ya saura na tambura da sirdi da lifidi da takardu, a rubuta sunan gidan da ya ba da aro. Samarin nan da ke yini suna latsa waya, a ba su aiki: su zauna gaban tsofaffi su ɗauki muryarsu, su ɗauki hoton ko wace tsohuwar takarda shafi-shafi, a ajiye kwafi a Katsina. Wannan na ƙarshe ko gobe a ke so a fara, ba ya jiran kasafi.

Na san za a ce wane ne wannan da zai tsara wa fada yadda za ta yi da gidanta. Ba kowa ba ne. Talaka ne mai roƙo, ya faɗi gaban manya ya yi gaisuwa. In na yi kuskure a gafarta mini, in kuwa akwai gaskiya a ciki a ɗauke ta ko da daga bakin wawa ta fito. Ɗan ƙanen nan nawa na yi masa alkawari, in Allah ya kai mu bayan girbi zan kai shi birni, mu shiga ta Ƙofar 'Yanɗaka in nuna masa inda Lugga ya shiga a 1903, mu hau Gobarau, sa'an nan mu je mu tsaya a Ƙofar Soro. Abin da zai biyo bayan tsayuwar nan yana hannun masu gida.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.